Fitsarin Da Ya Ƙi Tsayawa, Da Wanda Ya Ƙi Fita

Akwai cututtuka biyu a gidajenmu waɗanda ba a cika kiran sunansu a gaban mutane ba. Ta fari takan sami mace bayan doguwar naƙuda, fitsari ya riƙa zubo mata dare da rana, ba ta da ikon tsai da shi. Ta biyu kuwa takan sami dattijo, ya tsuguna yana nishi, mararsa ta cika tam, amma ko ɗigo ya ƙi fita. In zazzaɓi ya kwantar da mutum, maƙwabta duka sukan ji, su zo gaisuwa. Amma waɗannan biyu sai a ja labule, a ce, "Ai ba ta jin daɗi ne," ko kuwa, "Tsufa ne kawai."

A wannan wata muna so mu ɗaga labulen nan. Likitoci sun yi shekaru suna bincike a kan waɗannan cututtuka, muhimmin sashi na binciken kuwa a ƙasarmu aka yi shi, a Zariya da Katsina da Kano da Jos. Mutanen Dutse da kewaye ma ba su da nisa da taimako, gama a Jahun akwai wurin da ake gyaran mata masu yoyon fitsari. Abin da binciken ya koya mana shi ne, dukansu biyu suna da magani, abin da ya fi ɓata al'amari kuwa shi ne jinkiri.

Yadda Mafitsara Take Aiki

Bari mu fara da sanin jikinmu. Ƙoda biyu suna tace jini dare da rana, suna fitar da fitsari kamar lita 1 zuwa 2 kowace rana. Fitsarin yakan gangaro ta siraran bututu biyu zuwa mafitsara. Ita mafitsara jaka ce ta tsoka wadda take zaune cikin mara, bayan ƙashin gaba. Ta babban mutum takan ɗauki kusan rabin lita, wato kamar ledar ruwan sha guda ɗaya da muke saya a bakin hanya. Tun ba ta cika ba jijiyoyi sukan kai labari ga ƙwaƙwalwa, mutum ya ji fitsari, ya riƙe har ya sami wurin da ya dace.

A bakin jakar nan akwai wata tsoka mai tsuke ta, kamar zaren da ke tsuke bakin jaka. In lokaci ya yi, tsokar bakin ta saki, jakar ta matse, fitsari ya fita. Saboda haka abu uku ake bukata: jakar ta zama ba huda, bakinta ya iya rufewa, hanyar fita kuma ta zama a buɗe. In jakar ta huje ko bakin ya saki, sai yoyo. In hanyar ta toshe, sai fitsari ya tsaya.

Ɓarnar Doguwar Naƙuda

A jikin mace, mafitsara tana gaban hanyar haihuwa, 'yar tsoka marar kauri ce kaɗai ta raba su. In kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko kuwa kwanciyarsa ba daidai ba ce, sai ya maƙale. Mahaifa tana ta turowa, ƙashi ya hana wucewa, naman da ke tsakanin kan jaririn da ƙashin uwar ya matsu har jini ya daina zuwa masa. Naman da bai sami jini ba mutuwa yake yi. Bayan 'yan kwanaki da haihuwa sai mataccen naman ya zube, ya bar huda tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. Wani lokaci har da dubura takan huje, bayan gida ma ya riƙa fitowa ta gaba. Sau da yawa jaririn ba ya zuwa da rai.

To, ka ga baƙin ciki a kan baƙin ciki. Ta rasa ɗanta, ga tabarma kullum a jiƙe, ga wari, ga fata tana saɓulewa. Takan rage shan ruwa domin yoyon ya ragu, ba ta sani ba hakan yana ƙara wa fitsarin kauri da zafi. Takan daina zuwa kasuwa da biki da suna, takan daina zuwa sujada. Waɗansu mazan sukan mai da ita gidan iyayenta "har ta warke," daga nan shiru.

A shekarar 1983 wani likita mai suna Tahzib ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan mata 1,443 waɗanda suka zo Asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da wannan ciwo, daga 1969 zuwa 1980. Ya tarar kashi 83 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu. Kashi 13 cikin 100 kuwa yankan gishiri ne, wato yankan da ake yi wa mace a gaba da aska ko reza, da nufin wai a buɗe mata hanya. A shekarar 2004 kuma likitocin Asibitin Evangel na Jos, wanda yanzu ya zama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham, suka buga labarin mata 899. Yawancinsu gajeru ne, marasa jiki, daga ƙauye, an yi musu aure suna da shekara 15 ko 16, ba su yi makaranta ba. Sun yi kwana biyu ko fiye a kan gwiwa, suka haifi ɗa ba rai.

Mu lura da kyau. A cikin dukan binciken nan ba a sami maita ba, ba a sami sammu ba, ba a kuwa sami alhakin wani ba. An sami ƙugun yarinya da bai gama girma ba, da asibiti mai nisa, da rashin mota, da jiran izinin maigida wanda ya yi tafiya. Kada kuma mu ɗauka ciwon 'yan mata ne kaɗai. Macen da ta haifi shida lafiya tana iya samunsa a na bakwai, in jaririn ya yi girma ko ya zo a gicciye. Yakan kuma faru in wanda bai ƙware ba ya yi wa mace tiyata.

Darasin Babbar Ruga

A wajen birnin Katsina akwai asibitin Babbar Ruga, wanda a dā na masu ciwon kuturta ne. A shekarar 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya zo aiki a can. Da ya ga yawan matan da ke fama da yoyon fitsari, sai ya ba da ransa ga gyaransu, a Katsina da kuma Asibitin Murtala na Kano. Ya yi wa dubban mata aiki, ya kuma koya wa likitoci da nas-nas masu yawa.

A wancan zamani al'adar likitoci ita ce, in mace ta zo da sabon yoyo, a ce ta koma gida ta jira wata 3 kafin a taɓa ta. Shi kuwa ya ce a'a, a fara taimakonta ran da ta zo. Abu na fari, a sa mata robar fitsari, wato siririn bututun roba da ake zurawa cikin mafitsara domin fitsari ya riƙa fita ta cikinsa zuwa wata leda. Sa'an nan ta sha ruwa da yawa, ta riƙa tafiya, ta tsabtace jikinta. Hikimar abin ita ce, in mafitsara ta zauna ba kome a ciki, bakin hudar yakan haɗu, ya warke da kansa in hudar ƙarama ce. In bayan 'yan makonni ba ta rufe ba, sai a ɗinke ta da zarar wurin ya yi tsabta.

A shekarar 2004 ya buga sakamakon mata 1,716 waɗanda suka zo kafin yoyonsu ya cika wata 3. Kimanin kashi 15 cikin 100 sun warke da robar kaɗai, ba yanka, ba ɗinki. Da aka haɗa da waɗanda aka ɗinke, fiye da kashi 98 cikin 100 hudarsu ta rufe, fiye da 9 cikin 10 kuma suka koma riƙe fitsarinsu. Amma fa matan nan da wuri suka zo. Wadda ta yi shekaru a ɗaki, wurin ya yi tabo ya ƙandare, aikinta ya fi wuya, ko da yake ita ma ana yi mata, da yawa kuma suna warkewa.

Wani binciken kuma ya sauƙaƙa zaman asibiti. A dā, bayan ɗinki, akan bar robar kwana 14 ko fiye. Aka gwada mata fiye da 500 a ƙasashe 8 na Afirka, har da Nijeriya da Nijar, aka cire wa waɗansu a kwana 7, waɗansu a kwana 14. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna, ga masu huda marar wuya, kwana 7 bai kasa kwana 14 ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kwana 7 zuwa 10 ga irin waɗannan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama gadon da ya ɗauki mace ɗaya a dā, yanzu yana iya ɗaukar ƙarin wata.

Jahun Ba Ta Da Nisa

Garin Jahun yana arewa maso gabas da Dutse. Tun shekarar 2008 ƙungiyar MSF, wadda ake kira Likitoci Na Gari Na Kowa, take aiki tare da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa a Babban Asibitin Jahun. Aikin yana da hannu biyu. Akwai ɗakin haihuwa inda ake karɓar mata masu wahalar naƙuda, a yi musu tiyata a ciro jariri in ta kama, da ɗakin jarirai marasa lafiya. Akwai kuma sashen masu yoyon fitsari, inda aka riƙa yi wa ɗaruruwan mata aiki a shekara, kyauta. Hannu na fari yana hana ciwon, na biyu yana gyara shi.

Wadda ta je can takan tarar ba ita kaɗai ba ce. Wannan ma magani ne. Macen da ta yi shekara ba wanda ya ci tuwo kwano ɗaya da ita, sai ga ta cikin 'yan'uwanta mata, ba mai toshe hanci. Mutanen Kiyawa da Miga da Dutse suna kusa. Na Birnin Kudu da Gwaram kuma suna da Ningi a Jihar Bauchi, inda Gwamnatin Tarayya take da cibiyar yoyon fitsari, kamar yadda take da ita a Babbar Ruga. 'Yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi suna da asibitin Danja, wanda aka buɗe wa wannan aiki a 2012.

Bayan an sallami mace, sauran aiki na maigida ne. Likita zai ce kada a kusance ta har aƙalla wata 3, ko yadda ya ga ya dace. Zai ce a ba da tazara kafin wani ciki. In cikin ya zo, tilas ta yi awo, ta kuma haihu a asibiti, yawanci ta hanyar tiyata. Namijin da ya ƙi jin wannan, shi zai farke ɗinkin da aka sha wahalar yi.

Ba Kowane Yoyo Ne Huda Ba

Akwai mata da yawa, musamman waɗanda suka yi haihuwa da dama ko suka manyanta, da fitsari kan kuɓuce musu kaɗan in sun yi tari, ko dariya, ko sun ɗaga tulu. Wannan ba huda ba ce, tsokar ƙasan mara ce ta yi rauni. Tun 1948 wani likitan Amurka mai suna Arnold Kegel ya nuna ana iya ƙarfafa ta. Mace ta tsuke gabanta kamar mai riƙe fitsari ko tusa, ta ƙirga zuwa biyar, ta saki. Ta yi haka sau 10, sau uku a yini, har wata 3. Ba kuɗi, ba magani, tana iya yi tana tankaɗe ko tana zaune. Waɗansu kuma fitsari ne yakan matse su farat ɗaya, kafin su kai makewayi ya zubo. Wannan yana iya zama ƙwayar cuta a mafitsara, ko ciwon sukari, ko mafitsara mai saurin matsewa. Gwajin fitsari a asibiti zai rarrabe.

Sa'ad Da Hanya Ta Toshe

Yanzu bari mu juya wajen iyayenmu maza. A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka mai girman goro, wadda likitoci suke kira furostet. Tana ba da wani sashi na ruwan maniyyi. Hanyar fitsari ta tsakiyarta ta bi. In namiji ya fara manyanta, tsokar nan takan ƙara girma a hankali, ta matse hanyar, kamar yadda mutum zai taka tiyon ban ruwa da ƙafa. Wani nazari da aka buga a 1984 ya nuna rabin maza masu shekara 51 zuwa 60 suna da wannan kumburi, a cikin waɗanda suka wuce 80 kuwa kusan 9 cikin 10. Ba dukansu yake damu ba. Amma wannan ya isa ya nuna mana ba hukuncin wani laifi ba ne, ba kuwa alamar lalata ba ce. Tafiyar shekaru ce, kamar furfura.

Ga alamunsa. Dattijo yakan tashi fitsari sau uku ko huɗu da dare. Yakan jima a tsugune kafin ya fara. Fitsarin ba ƙarfi, yana yankewa, yana ɗiga a wando bayan an gama. Yakan ji kamar bai gama ba. Mafitsara kuwa tana ta fama, tana ƙara kauri, har wata rana ta gaji. Sa'an nan ɗayan biyu yakan faru. Ko fitsarin ya tsaya cak, da ciwo mai tsanani, ko kuwa mafitsara ta cika ta batse ba ciwo, fitsari ya riƙa tsiyaya yana barci. Na biyun ya fi haɗari, domin fitsarin da ya taru yakan danna baya har ya lalata ƙoda, mutum bai sani ba.

A 1992 likitocin Amurka suka tsara tambayoyi 7 na auna tsananin ciwon, ana amfani da su ko'ina a duniya. Da aka ga yawancin dattawanmu ba su karatu, sai likitocin Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu suka fito da na hotuna a 2011, mutum ya nuna da yatsa inda fitsarinsa yake kaiwa da sau nawa yake tashi da dare. Likita zai kuma taɓa tsokar da yatsa ta dubura. Minti ɗaya ne, kada Baba ya ƙi. Zai gwada fitsari da jini, ya ɗauki hoton ciki ya ga abin da ya saura a mafitsara. Gwajin nan yana da muhimmanci, gama akwai waɗansu cututtuka masu kama da wannan. Akwai tsukewar hanya wadda tsohon ciwon sanyi ko rauni yakan bari, akwai kuma ciwon daji na wannan tsoka, wanda ya fi kama baƙar fata.

Magani iri biyu ne. Ɗaya yana sassauta bakin mafitsara, ana jin sauƙi cikin 'yan kwanaki. Ɗayan yana rage girman tsokar, amma sai an yi kamar wata 6 ana sha. A 2003 aka buga wani bincike na maza 3,047 a Amurka, waɗanda aka bi fiye da shekara 4. Kowane magani shi kaɗai ya rage haɗarin tsanantar ciwon da kimanin kashi ɗaya cikin uku, su biyu a haɗe kuwa da kashi biyu cikin uku. In magani bai yi ba, ana yin tiyata, ko ta yanka mara, ko ta zura na'ura ta hanyar fitsari a kankare abin da ya toshe. Wanda yake Dutse ya fara da Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, na kudu kuma da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. In ana bukatar ƙari, za su tura shi gaba.

Ran da fitsari ya tsaya cak, ba ranar jiƙe-jiƙe ba ce. A kai shi asibiti nan da nan, ko tsakar dare ne. Robar nan da take ceton mai jego ita ce za ta ceci dattijo, cikin 'yan mintoci zai sami sauƙi. Amma roba ba ƙarshen magani ba ce. Kada ya koma ƙauye ya zauna da ita wata da watanni. Tilas a riƙa canja ta a kan lokacin da likita ya faɗa, a kuma nemi maganin asalin ciwon. Giya, da waɗansu magungunan mura, da taurin ciki, da riƙe fitsari a doguwar tafiya, duk suna iya jawo tsayawar nan. Jini a fitsari kuma, ko da a yaran da ke wanka a fadama yawanci tsargiya ce mai saukin magani, a babban mutum abu ne da lalle likita ya duba.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Iyaye, mu bar 'ya'yanmu mata su girma, su yi karatu, kafin aure. Maigida, tun cikin yana wata bakwai ka tanadi kuɗin mota, ka san direban da za ka kira, ka kuma ba da izini tun da wuri, ko ba ka nan a tafi da ita. Naƙudar da ta wuce awa 12 ta fi ƙarfin gida. Kada rana ta faɗi sau biyu mace tana kan gwiwa. Kada kowa ya sa mata aska. In ta sha doguwar naƙuda, ko aka ga jiƙewa bayan haihuwa, a koma asibiti a makon nan, kada a jira arba'in.

Matan zumunta, an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ku duba, wace ce ta daina fitowa tun da ta haihu? Ku je da sabulu da zane, ku zauna kusa da ita, ku raka ta Jahun. Ko maƙwabciya ce wadda ba addininmu ɗaya ba, ciwon bai san bambanci ba. Ku kuma samari, in kun ji ƙofar Baba tana buɗewa sau huɗu da dare, kada ku jira ya faɗa, ba zai faɗa ba. Ku same shi shi kaɗai, ku ce, "Baba, gobe zan shiga Dutse, da ma mu tafi tare likita ya duba ka." Kunya ado ce, amma ba a yi wa ciwo kunya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.